Sakin da Junaidu Ya Rubuta

A shekarar da Nasara suka gama ginin makarantar boko a Jega, duk Fagada babu macen da ake sha'awar zaman aurenta kamar Atika. Ba wai don dukiya ba. Mijinta Sabi'u manomin albasa ne, jaki ɗaya gare shi da 'yar fadama a bakin gulbi. Abin da mata ke faɗi a bakin rijiya shi ne, tun ranar da aka kawo ta daga Karaye ba wanda ya taɓa jin muryar Sabi'u ta tsallake danga. Mutum ne mai sanyin hali da tsoron Allah, irin wanda in ya taka shukar wani bisa kuskure sai ya nemi mai gonar ya roƙi gafara. Atika kuwa wuta ce, ga baki ga dariya, amma shi kaɗai ne ba ta iya yi wa tsawa. Suna da 'yar goyo guda, Ramatu.

Wanda ya shigo musu da masifa har tsakar gida ba maƙiyi ba ne. Ƙaninta ne, Junaidu, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun yana ƙarami aka kama shi aka kai shi boko, yanzu ga shi ya dawo malamin makaranta a Jega, da farar taguwa da fensir a bayan kunne. Wata rana da hantsi, bayan an gama girbin gero, sai ga shi da takardu a hammata, yana haki kamar wanda aka koro.

"Yaya, na yi shi! Wallahi na gama!"

Atika tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. "Mi kag gama, autan Inna? Aure ko hankali?"

Ya zauna a kan turmi ya shiga bayani cikin zumuɗi. Baturen Makaranta zai zo buɗe sabon gini, ya ce yana son a yi wasan kwaikwayo, kuma Junaidu ya ɗora wa rubutawa. Ya ce shi wannan abu ba kamar tatsuniya ba ne. A tatsuniya mai ba da labari yana zaune a tsakiya yana cewa sai wane ya ce, sai wance ta ce. A nan kuwa mai labarin ɓuya yake yi. Ka rubuta sunan mutum, sai ka rubuta abin da zai fito daga bakinsa, ka saki mutane su yi ta kansu a gaban jama'a. Kowa a ciki sai ya kasance yana son wani abu, kuma akwai abin da ya tare masa hanya, in ba haka ba masu kallo hamma za su yi. Sa'an nan ka yanka labarin gida-gida, kowane yanki a ce masa fitowa.

"Ashe kalankuwa ce," in ji Atika. "Wadda samari ka yi bayan kaka, wani shi zama Sarki wani shi zama Joji."

"Kalankuwa kowa abin da yaz zo bakinai shika hwaɗi. Wanga kau an rubuta shi tun kahin a buɗe baki. Ba ƙari ba ragi."

Sai ya karanta musu, don Sabi'u ma ya shigo da fartanya a kafaɗa. Labarin wani mutum ne, Hamidu, da matarsa Rabi. Hamidu ya dawo gona da yunwa, ya tarar miya ba gishiri, zuciya ta ɗebe shi ya saki Rabi. Daga nan gida ya watse, yara na kuka, murhu ya yi sanyi, Hamidu ya bi gari yana cizon yatsa ba halin gyara.

Atika ta ajiye rariya. Ta san inda ya samo labarin. Haka mahaifinsu ya saki mahaifiyarsu Inna Tabawa a kan ƙwaryar fura da ta zube, suna tsaye suna kallo, Junaidu na riƙe da bakin zanenta.

"Ina son duk namijin da yak kalli wasan ga shi ji kunyar kanai," in ji Junaidu. "Shi san wagga kalma ba abin wasa ba ce."

Kaico! Da bakinsa ya faɗe ta, kuma ko shi bai ji abin da ya faɗa ba.

Saura kuma waɗanda za su fito a wasan. Uwargidan Baturen ta ce ba ta son a ɗaura wa ƙato mai gemu zane a ce mace ce, mace ta gaske take so. To wane namiji ne a ƙasar nan zai yarda a kira matarsa matar wani a bainar jama'a, ko da wasa? Junaidu ya yi ta tunani har dabara ta faɗo masa, dabarar da ya ɗauka ta fi kowace kyau: a samo miji da mata na gaske. Ba mai cewa an yi rashin kunya, tunda dai matarsa ce.

Sabi'u ya sosa ƙeya. "Wagga kalma hwa ba ta taɓa hita bakina ba, Junaidu."

"Haba, mai albasa! Ba kai za ka hwaɗe ta ba, Hamidu na. Kai aron baki kawai za ka ba shi. Ko tsoron Yaya kaka ji?"

"Wa ba ya tsoronta?" in ji Sabi'u, suka yi dariya su duka uku.

Atika ta yarda ne saboda Inna. Ta ce a ranta, in har wata mace guda za ta tsira da ɗakinta saboda wannan abu, to tsayuwa gaban jama'a ba komai ba ne.

Suka fara zuwa Jega da la'asar suna gwaji a farfajiyar makaranta. Da yake ba su iya boko ba, Junaidu ke karantawa suna bi har su hardace. Atika ta kama nata kamar da ma a bakinta aka haife shi. Sabi'u ma ba laifi, yana shigowa da fartanya, yana ɗanɗana miya, yana yamutsa fuska, har masu leƙe ta kan katanga su yi ta ƙyaƙyatawa. Amma da zarar an zo kan kalmar, sai ya sunkuyar da kai ya faɗe ta can ƙasa-ƙasa, kamar mai gaida suruki. Wani lokaci ma dariya ke ƙwace masa.

Ana haka Baturen ya biyo ta Jega a kan rangadi, ya tsaya ya ga gwajin, ya ce wa Junaidu komai ya yi, sai dai mijin nan kamar icce aka kafa. Junaidu ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Washegari ya zo gwaji fuska a murtuke.

"Yaya Sabi'u, nan ne zuciyar wasan duka. In mutane ba su razana a nan ba, nadamar da ka biyowa banza ce. Ka bar tunanin wani Hamidu. Manta da shi! Dube ta. Matarka ce, ba wata Rabi ba. Tuna ranar da taɓ ɓata maka rai, ka hwaɗa mata da zuciyarka."

"Ba ta taɓa ɓata min ba."

Atika ta riƙe ƙugu tana dariya. Wannan dariyar ita ce ta daɗe tana ci mata rai daga baya. "Kai, Malam, ji tsoron Allah! Ranar da nab bar akuya tac cinye maka irin albasa hwa? Kwana nawa kay yi ba ka ci tuwona ba?"

Ta ga fuskar Sabi'u ta sauya a hankali, don wannan irin shi ne wahalarsa ta shekara guda. Aka sake daga farko. Ya shigo, ya ɗanɗana miya, ya yi jifa da ludayi, ya dube ta tsakiyar ido da wasu idanu da ba ta san yana da su ba.

"Tashi ki tai gidanku! Na sake ki! Na sake ki! Na sake ki!"

Muryar ta doki bangon makaranta ta dawo. Atika ta ji sanyi ya ratsa ta daga ƙeya har tafin ƙafa, Ramatu ta tsandara kuka a bayanta. Masu leƙe suka ɗau sowa. Junaidu ya yi tsalle ya rungume surukinsa yana cewa, "Haka nika so! Haka!" A hanyar komawa gida Sabi'u ya ɗora ta a kan jaki, shi yana tafe a ƙasa, yana ta ba ta haƙuri har suka shiga Fagada, ita kuwa tana tsokanarsa wai ashe damisa take aure ba ta sani ba.

Cikin masu leƙen nan akwai Malam Abdulwahabu, mai makarantar allo a bayan kasuwa. Da aka buɗe boko, Hakimi ya sa an ɗebi ɗalibansa mafi hazaƙa an kai wa Junaidu, kuma tun daga ranar bai ƙara amsa sallamar Junaidu da sakin fuska ba. Bai san Atika ba. Ko sunanta bai sani ba. Abin da ya sani shi ne ya sami sandar da zai doki makarantar Nasara da ita.

Ba a jima ba dogari ya yi sallama a ƙofar gidan Sabi'u, ya ce Alƙali na kira.

Zauren Alƙali ya cika har waje. Aka zaunar da Atika a bakin ƙofa ta gefen mata, inda take jin komai amma ba a ganin fuskarta sosai. Malam Abdulwahabu ya gyara rawani ya ce shi ba ƙarar kowa ya kawo ba, addini ya zo karewa. Kowa ya san saki ba ya da wasa. Wanda ya furta shi ga matarsa, da gaske ko da raha, ya auku. Ga mutum ya furta har uku a gaban shaidu, kuma ya koma da matar gida suna zaune.

Junaidu ya miƙe yana kaɗa takardunsa. "Allah shi gafarta Malam, ni nar rubuta! Maganar Hamidu ce ga Rabi, kuma babu wani Hamidu, babu wata Rabi, ni naƙ ƙirƙire su!"

"To ga shi," in ji Malam Abdulwahabu, yana murmushi. "Babu Hamidu, babu Rabi. Wa ad da wa ke nan a wurin? Miji da matatai."

Zaure ya ɗauki guna-guni. Alƙalin tsoho ne mai taushin zuciya, kuma Atika ta lura ba ya son abin da aka kawo masa. Ya daɗe yana shafa gemu, sa'an nan ya ce akwai mafita. Wanda ke ba da labarin maganar wani, kamar shaida a gaban shari'a ko malami a gaban ɗalibai, ba a kama shi da ita. Ya juya ga Sabi'u.

"Sabi'u, za ka dafa Alƙur'ani ka rantse cewa sa'ad da kah hurta, maganar wani kaka maimaitawa, ba matarka kaka hwaɗa wa ba. In ka rantse, ka ɗauki iyalinka ku tai gida."

Atika ta saki ajiyar zuciya. Shi ke nan, ta ce a ranta. Ta fara gyara goyo don tashi.

Amma Sabi'u bai motsa ba. Yana durƙushe, yana kallon Littafin da aka ajiye a gabansa, gumi na bin wuyansa.

"Rantse mana!" in ji Junaidu.

"Allah shi gafarta Malam," in ji Sabi'u, da wata murya ƙarama. "Sauran ranakku duka Hamidu na, wannan zan iya rantsewa. Amma rannan, Junaidu yac ce in manta da Hamidu, kuma na manta. Akuyata nat tuna, da irina. Ita nika kallo. Ban yi nuhin rabuwa da ita ba, Allah shina gani, ko a mahwarki. Amma in nac ce ba ita nah hwaɗa wa ba, na yi ƙarya. Ba ni iya dahwa Littahi a kan ƙarya."

Alƙali ya rufe ido. Ya sake tambayarsa, ya sauya masa tambayar ta wata fuska, kamar mai miƙa wa wanda ya faɗa rijiya igiya. Sabi'u yana kuka ya maimaita abin da ya faɗa. Daga nan Alƙali ya ce ba shi da abin yi. Saki uku ya tabbata. Ba ta halatta gare shi sai ta auri wani.

Atika ba ta san lokacin da ta miƙe ta shigo tsakiyar zauren ba.

"Ni hwa? Ni ba a tambayata?"

"Ke, zauna!" in ji dogari.

"Ba ni zama! An tambayi mai rubutu, an tambayi mai leƙe ta katanga, an tambayi mai hurtawa. Ni da anka kashe wa aure ba wanda yac ce Atika mi kig gani! Malam, kai da kak kawo ƙara, ka san sunana? Hwaɗi sunana in ji! Rigimarka da boko ce, ka tai ka rushe makarantar mana, ga ta can tsaye! Sai ɗakina kag gani?"

Malam Abdulwahabu ya kau da kai yana jan carbi. Ta juya kan ƙaninta, wanda ke tsaye takardu sun zube a ƙafafunsa.

"Kai kuma, mai ilimi! Ka zauna ka auna kowace kalma, ka san inda za a yi dariya da inda za a razana, amma ba ka san garin da kaka ciki ba. Ka ce za ka rama wa Inna. To ga shi ka rama, ka aika mata da ɗiyarta ta taya ta zama!"

Mata biyu suka riƙe ta suka fitar da ita, tana jin Alƙali na cewa a yi mata uzuri.

Junaidu bai haƙura ba. Ya hau keken aro ya bi Baturen har masaukinsa, ya roƙe shi ya sa baki. Da ya dawo Fagada ya tsaya daga bakin danga, ya kasa shiga. Atika na ɗaure tukwane, ta tambaye shi yadda suka yi ba tare da ta dube shi ba. Ya ce Baturen ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira matarsa ya ba ta labari, ita ma ta yi. Sa'an nan ya ce su ba sa shiga sha'anin shari'ar Musulmi, haka aka yi alkawari da sarakuna. A ƙarshe ya tambaya ko wasan zai kammala kafin ranar buki, tunda yanzu mijin ya iya.

Atika ta ɗaure bakin buhu da ƙarfi har igiyar ta yanke mata yatsa. Junaidu ya juya ya tafi.

Da safe Sabi'u ya ɗora kayanta a kan jaki. Ya ce ba zai bari wani ya raka ta ba. Suka kama hanyar Maiyama za su Karaye wurin Inna, ita a gaba goye da Ramatu, shi yana biye da tazara kamar baƙo, don yanzu baƙon ne. Gonaki duk an girbe, sai karan dawa a tsaye da shanun Fulani suna kiwo a ciki. Sai da suka yi nisa, rana ta take, ya yi gyaran murya.

"Atika."

Ta ci gaba da tafiya.

"Maigari ya kira ni jiya. Yac ce akwai wani tsoho a ƙauyen Kashin Zama, mutumin kirki. In kin gama idda, sai a ɗaura muku, shi kwana biyu shi sake ki. Kisan wuta dai. Sai ki dawo ɗakinki. Yac ce ana yi."

Ta tsaya cak. Ta juyo a hankali, ta dube shi tun daga hula har takalmi. Wannan mutum da take so kamar ranta, ga shi tsaye da igiyar jaki a hannu, idanu sun kumbura.

"Sake hwaɗi in ji."

"Don Ramatu, Atika. Don mu."

"An yi sakin wasa ya zama gaske, yanzu kuma in tai in yi auren wasa? Shi wannan ba ƙarya ba ce? Kai ka kasa ɗora hannunka a kan Littahi domina, don kada ka ɓata tsakaninka da Allah. Na ji, ban ce ka yi laihi ba, ko da raina ya so ka yi. Amma ni ka iya tura ni ɗakin wani ƙato in kwana, in tashi in ce wa Allah aure nay yi? Taka lahira ce mai tsada, tawa ta banza?"

Hawaye suka zubo wa Sabi'u.

"Kowa ya samu abin da yaka so a kaina," in ji ta, muryarta ta fara karyewa amma ba ta bari ta karye ba. "Malam ya kunyata boko. Bature ya sha dariya. Kai ka tsira da gaskiyarka. To ni ma a bar ni da tawa. Ba ni auren kowa don a sake ni."

Ta matsa ga jakin ta kwance ƙullin tufafinta, ta ɗora a ka. Ta ce tukwanen ya aiko da su ranar kasuwa, daga nan ita kaɗai za ta ƙarasa. Ramatu ta miƙo hannu tana kiran babanta. Atika ta tsaya, ta juya masa baya don ya kai ga yarinyar, ta ji hannunsa na shafa kan 'yar, yana kiyaye kada ya taɓa kafaɗar uwar.

Sa'an nan ta kama hanyar Karaye. Sai da ta sha kwanar wata tsamiya, ta tabbata ba ya hango fuskarta, kukan ya ƙwace mata, mai zafi, irin na wanda aka yi wa fashi da rana tsaka kuma aka ce masa ba ɓarawo. Tana tafe tana share ido da gefen mayafi, tana tunanin da wace kalma za ta fara yi wa Inna bayani.